Rodonait: Dutsen Ruwan Hoda Mai Baƙar Jijiya Da Abin Da Ke Cikinsa

Wata Asabar cikin hunturu, irin ranar da sanyin Jos ke hana mutum fitar da hannu daga aljihu ko da hantsi ya daga, wani dattijo mai cinikin duwatsu masu daraja a tsakiyar gari ya aiko yaronsa ya kira ni. Mun daɗe tare. Shi ya san kasuwa, ni na karanci ilimin duwatsu, don haka idan wani abu ya shige masa duhu yakan neme ni. Bayan mun gaisa ya kwance ƙullin wani farin ƙyalle a kan tebur, sai ga dutse kamar girman babban goro, ruwan hoda mai duhu, an zane shi da baƙaƙen jijiyoyi kamar saiwar ciyawa.

Ya ce, "Malam, dubi wannan. Wanda ya kawo ya ce turmalin ne. Ni kuwa idona bai yarda ba."

Na ce, "Alhaji, idonka bai yi maka ƙarya ba."

Turmalin ɗin da ake haƙowa a Nasarawa da Oyo dogo ne kamar kara, da zane-zane a tsaye a jikinsa, kuma idan ka dubi bakinsa za ka ga kamar kusurwa uku ce da aka ɗan kumbura. Wannan kuwa dunƙule ne, haske ba ya ratsa shi sai a bakin-baki. Abin da na yi zato shi ne rodonait, ma'adinin da ya haɗa ƙarfen manganis da silikon da iskar oksijin. Amma zato ba ya sayar da dutse, sai muka shiga gwaji da abin da ke cikin shagon.

Muka fara da nauyi. Yaron ya ɗora dutsen a kan ƙaramin sikelin nan na masu gwal, ya nuna giram 54. Sai ya ɗora kofin ruwa, ya mayar da sikelin sifili, na ɗaure dutsen da zare na zura shi cikin ruwan yana reto, bai taɓa gindi ba bai taɓa gefe ba. Sikelin ya nuna 15, wato nauyin ruwan da dutsen ya ture ke nan. Idan ka raba 54 da 15 za ka sami 3.6. Ma'ana, dutsen ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau uku da rabi da ɗoriya. Turmalin mai wannan launi kuwa bai wuce 3.1 ba, kwaz (ma'adinin nan da ya fi yawa a cikin yashi) mai ruwan hoda kuma 2.65 ne, saboda haka su biyun sun fita daga lissafi. Rodonait yakan faɗa tsakanin 3.4 da 3.7. Ga wanda ya saba da kuza wannan ba wani nauyi ba ne, domin kuzar da ta kafa garin nan tana kaiwa wajen 7, shi ya sa take kwanciya a gindin kwarya idan ana wankinta. Amma a cikin duwatsu masu ruwan hoda, 3.6 alama ce babba.

Sai dai akwai wani dutsen manganis da ke da irin wannan launi da kusan irin wannan nauyi, wato rodokrosait, kuma shi ne aka fi ruɗa shi da rodonait ko a manyan kasuwannin duniya. Tauri ne ke raba su. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda daimon ke da 10, kwaz 7, farcen mutum wajen 2.5, rodokrosait yana tsakanin 3.5 da 4, wuƙa tana karce shi ba wahala. Rodonait yana tsakanin 5.5 da 6.5. Na goga tsinin wuƙar Alhaji a wani gefe da ba ya gani, ta zame, sai ɗan alamar ƙarfe da ta bari wadda na share da yatsa. Na ɗauko ɓallin kwaz na goga, ya shiga, ya bar farin layi. Da mun ɗiga asid mai ɗumi, rodokrosait zai yi kumfa saboda dangin farar ƙasa ne, rodonait kuwa ko gezau ba zai yi ba. Wata alamar kuma ta ido ce: jijiyar rodokrosait yawanci fara ce, tana zagaye kamar yankakkiyar albasa, ta rodonait baƙa ce, tana bin tsaga.

Sunan daga harshen Girka yake, daga kalmar da ke nufin furen wardi, kuma wani Bajamushe mai suna Christoph Friedrich Jasche ne ya raɗa masa shi a 1819, bayan samfurin da aka samu a tsaunukan Harz na Jamus. Wannan duk bayanin fata ne. Abin da ya sa nake ƙaunar dutsen nan, har nake ganin ya cancanci a zauna a yi masa fashin baƙi, yana can cikin yadda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru, domin launinsa da taurinsa da rauninsa duk daga nan suka fito.

Ka je Farin Gada ka dubi yadda ake kasa tumatir: uku a ƙasa, ɗaya a bisa. A tsakiyar kashin akwai ɗan gurbi. To ka ɗauka tumatir huɗun nan ƙwayoyin oksijin ne, ƙaramar ƙwayar silikon kuma tana zaune a gurbin. Wannan kashin shi ne tubalin da aka gina mafi yawan duwatsun duniya da shi, tun daga tsaunin Shere har yashin kogin Dilimi. Abin da ya bambanta wani ma'adini da wani shi ne yadda kashi ke haɗa hannu da maƙwabcinsa. A cikin kwaz kowane kashi ya yi tarayya da maƙwabta a kan dukkan oksijin ɗinsa huɗu, sai ginin ya zama raga mai ƙarfi ta ko'ina. A cikin ganet, wani dutsen ado, kowane kashi zaman kansa yake yi, ƙarafa ne ke riƙe su. A cikin rodonait kuwa kowane kashi ya miƙa hannu biyu ne kawai, ɗaya ga na gaba ɗaya ga na baya, sai suka zama doguwar sarƙa. Tunda biyu nasa ne shi kaɗai, biyu kuma rabi-rabi ne da maƙwabta, kowace ƙwayar silikon ta tashi da oksijin uku. Abin da ake nufi ke nan idan aka rubuta MnSiO3: manganis ɗaya, silikon ɗaya, oksijin uku.

Sarƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da lanƙwasa, kuma lanƙwasar tana maimaita kanta kamar yadda carbi ke dawowa kan alama bayan ƙwaya talatin da uku. A rodonait, bayan kowane kashi biyar ne salon ke dawowa farko. Dalilin biyar ɗin nan shi ne girman ƙarfen da ke zaune tsakanin sarƙoƙi yana riƙe su. Dole sarƙa ta daidaita tsawonta da jerin ƙwayoyin ƙarfen da take jingine da su. Idan ƙwayoyin ƙanana ne kamar magniziyam, sarƙar takan maimaita bayan biyu, a sami dangin ma'adinan da ake kira fairoksin, waɗanda suka cika baƙaƙen duwatsun aman wuta irin na wajen Panyam da Kerang. Idan manya ne kamar kalsiyam, takan maimaita bayan uku, a sami farin ma'adinin nan wolastonait. Manganis tsaka-tsaki ne, ya fi magniziyam girma, bai kai kalsiyam ba. A awon masana, idan kalsiyam 100 ne, manganis 83 ne, magniziyam 72. Sai sarƙar ta rasa inda za ta tsaya, ta ɗauki salon uku ta haɗa da salon biyu, ya zama biyar. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in ji wani abu a raina, a ce ɗan bambancin da ko madubin likita ba ya iya nunawa shi ne ke yanke hukuncin siffar dutsen da za ka riƙe a tafin hannunka.

Wannan karkacewar ta sarƙa ce ta jefa rodonait cikin mafi ƙarancin daidaito a cikin gidaje bakwai da masana suka kasa siffofin lu'ulu'u. Gishiri yana gida na farko: tsawo da faɗi da tsayi duk ɗaya, kowace kusurwa digiri 90, kamar ƙwayar sukari mai iyali. Rodonait yana gida na ƙarshe, wanda ake kira tiraikilinik, inda ɓangarorin uku ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa, kuma ba kusurwa ko ɗaya da ta yi daidai da digiri 90. Kamar ɗakin da magini ya yi ba tare da igiya ko kwana ba, amma kowane tubali ya karkace iri ɗaya, don haka ginin ya tsaya daram. Idan ya sami sarari ya girma, lu'ulu'unsa yakan fito kamar ɗan allo mai kauri, gefunansa a ɗan dakushe. Amma hakan ba kasafai yake faruwa ba. Galibi dunƙule ake samu, ƙananan ƙwayoyi sun cuɗe da juna, irin wanda ke kan teburin Alhaji.

Daga sarƙar ne kuma raunin ya fito. Duk wanda ya taɓa faskare ya san gatari yana shiga cikin sauƙi idan ya bi tsawon itace, amma ya sha wuya idan ya sare shi a gicciye. Haɗin silikon da oksijin a cikin sarƙa yana da ƙarfi ainun, haɗin da ke tsakanin sarƙa da sarƙa ta hanyar manganis kuwa bai kai shi ba. Saboda haka idan aka bugi lu'ulu'un rodonait, yakan tsage ta tsakanin sarƙoƙin, ta fuska biyu masu santsi da suke haɗuwa a kusurwar digiri 92 da rabi. Na nuna wa yaron da gilashin ƙara girma: a inda dutsen ya ɓalle, ƙananan fuskoki suna ƙyalli ɗaya bayan ɗaya kamar matakalar bene idan ka juya shi a hasken tocila. Shi ya sa masu yankan duwatsu suke shakkar rodonait garai-garai mai ratsa haske. Yana da kyau ƙwarai, ja kamar ruwan zoɓo da aka sirka, yana karya haske da ƙarfin da ya kai tsakanin 1.71 da 1.75, alhali kwalba ba ta wuce wajen 1.5 ba. Amma yana iya darewa gida biyu a kan injin ana gab da gama aiki. Shi kuwa dunƙulen, da yake ƙwayoyinsa kowace ta fuskanci nata wajen, tsaga ba ta samun hanyar wucewa, sai ya yi juriya. Ma'adini ɗaya, amma wanda ya fi tsada shi ya fi saurin fashewa.

Kwatanta shi da wani dutsen manganis da ƙasar nan ta yi suna da shi. A 1999 ganet mai ruwan lemo, wanda ake kira sifasatin, ya fito daga wajen Iseyin a jihar Oyo ya cika kasuwannin duniya. Shi ma manganis ne da silikon da oksijin, da ƙarin alminiyam. Amma da yake ba shi da sarƙa, ba shi da hanyar tsagewa, taurinsa na kaiwa 7 ko fiye, nauyinsa ya haura 4, kuma gidan gishiri yake zaune. Ana sa shi a zobe a yi shekaru. Rodonait a zobe kuwa ba ya daɗewa da sheƙinsa, saboda ƙurar da ke yawo a iska, balle ta hunturu, cike take da garin kwaz mai tauri 7, kuma duk abin da bai kai 7 ba a hankali take cin fuskarsa.

Launin fa? Manganis ne, amma manganis yana da fuskoki da yawa gwargwadon yawan ƙwayoyin lantarkin da ƙwayar zarrarsa ta saki. Idan ya saki biyu, kamar yadda yake a cikin rodonait, yakan shanye koren da ke cikin farin haske da wani ɓangare na shuɗi, abin da ya rage ya dawo wa ido shi ne ja-ja zuwa ruwan hoda. Idan baƙin ƙarfe ya yi yawa a cikin dutsen, launin ya koma ƙasa-ƙasa. Idan manganis ya saki huɗu, baƙi ƙirin yake zama, shi ne baƙin garin nan da ke cikin tsohon batirin rediyo idan yara suka fasa shi. Idan ya saki bakwai, shi ne garin da ake jiƙawa a asibiti ruwa ya koma shunayya a wanke gyambo. To baƙar jijiyar da ke jikin rodonait ba baƙon abu ba ce da ya shigo daga waje. Dutsen ne da kansa yake tsatsa. Ruwa da iska sun bi ta tsagoginsa shekaru aru-aru, suka mayar da manganis mai biyu ya koma mai uku da mai huɗu, ya kwanta baƙi a inda suka bi. A inda ake haƙarsa, sau da yawa bayan dutsen baƙi ne gaba ɗaya, sai an fasa ake ganin jan da ke ciki. Alhaji ya daɗe yana jinjina wannan, domin ya ce a iya saninsa baƙi a jikin dutse aibi ne da ke karya farashi. A wannan dutsen kuwa, masu yin tsakiya da kayan ado sun fi son mai jijiya, matuƙar jan ya rinjayi baƙin.

Yadda yake samuwa ba shi da tsawon bayani. Laka mai manganis takan taru a ƙarƙashin teku, ƙasa ta binne ta, zafi da danniya su dafa ta. A nan rodokrosait ke haɗuwa da kwaz, iskar kabon ta fice, rodonait ya rage. Wani lokaci kuma ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ne ke ajiye shi a tsagogin duwatsu tare da dalma da tutiya da azurfa. Duwatsun Jos da Bukuru wani gida ne daban, gidan kuza da kwalambait da tofaz. Wuraren da suka yi suna da rodonait suna nesa. A Broken Hill ta Ostireliya ana samun jajayen lu'ulu'unsa a nitse cikin dalma mai ƙyalli. A Franklin ta jihar New Jersey a Amurka akwai wani irinsa mai tutiya. Burazil tana fitar da garai-garai daga jihar Minas Gerais, Feru da Suwidin ma suna da nasu. Jihar Massachusetts ta ɗauke shi a matsayin dutsenta na ado a 1979. Amma ba inda aka ɗaukaka shi kamar Rasha. Tun ƙarshen ƙarni na 18 ake haƙarsa a tsaunukan Ural kusa da Yekaterinburg, suna kiransa dutsen gaggafa. Daga wani dunƙule guda mai tan 47 aka sassaƙa makwancin kabarin sarauniya Maria Alexandrovna, matar sarki Alexander na Biyu, a birnin Saint Petersburg, kuma an yi wa ginshiƙan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mayakovskaya a Mosko, wadda aka buɗe a 1938, ado da shi.

Kada wani ya ji manganis ya ɗauka an sami arzikin masana'anta. Gaskiya ne kusan kashi 90 cikin 100 na manganis ɗin da duniya ke haƙa yana tafiya ne wajen sarrafa baƙin ƙarfe, amma daga baƙaƙen duwatsun Kalahari a Afirka ta Kudu da Moanda a Gabon da irin na Nsuta a Gana ake samunsa. Wanda ke cikin rodonait sarƙar silikon ta riƙe shi gam, raba su yana cin wuta da kuɗi. Darajarsa a ado take da wajen masu tara samfuri.

Akwai abu ɗaya da na gaya wa Alhaji wanda bai so ji ba. Duk gwajin da muka yi, ba zan iya rantsuwa cewa rodonait ne ba, saboda yana da ɗan tagwaye. Sunansa fairoksmangait, an fara bayyana shi a 1913 daga wani wuri da ake kira Iva a jihar South Carolina. Sinadarinsu kusan ɗaya, launi ɗaya, tauri ɗaya, nauyi kusa da kusa, gidan lu'ulu'u ɗaya. Bambancin kawai shi ne sarƙarsa bayan kashi bakwai take maimaitawa, uku da biyu da biyu. Yakan samu ne inda danniya ta fi yawa ko zafi ya fi sauƙi ko kalsiyam ya yi ƙaranci, kuma ya fi rodonait wuyar samu nesa ba kusa ba. Har a dutse ɗaya ana iya samun su a cuɗe. Wani ɗan'uwansa mai baƙin ƙarfe a madadin manganis, shi ma mai sarƙar bakwai, a cikin duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ɗebo daga duniyar wata a 1969 aka fara gane shi. Ba ido, ba sikeli, ba wuƙa da za su raba biyar da bakwai. Sai an niƙa ɗan ɓalli an harba masa hasken eksire, a karanta yadda hasken ya warwatsu.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai game da kasuwarmu. Garin da ke da sashen ilimin duwatsu a jami'arsa, da cibiyar nazarin ƙarafa ta ƙasa, da cibiyar koyar da haƙar ma'adinai, da mutanen da suka gaji sanin dutse tun zamanin kuza, bai kamata a ce har yau yawancin cinikinsa da ido da tocila ake yin sa ba. Idon dattawan nan yana da kaifi, na sha ganin abin mamaki daga gare su. Amma mai saye daga waje yana zuwa da na'ura a jakarsa, kuma wanda ya san sunan dutse na gaskiya shi ke yanka masa farashi. Gwajin kofin ruwa da zare da muka yi bai ci mu ko sisi ba, kuma kowane yaron shago zai iya koyonsa a yini guda.

Sai kuma gargaɗi ga samarin da ke wasa duwatsu a bayan shaguna. Kada a goge dutsen manganis a bushe. Ƙurar silika tana taurara huhu, ƙurar manganis kuma idan aka daɗe ana shaƙa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta kawo karkarwa da sanɗarewar jiki, ciwon da likita John Couper ya bayyana tun 1837 a tsakanin masu niƙa baƙin manganis a Sikotlan. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba mu da uzurin wasa da wannan. A bar ruwa yana zuba a kan injin, a rufe hanci, kuma kada a kai aikin cikin gida inda yara suke.

Da za mu rabu, Alhaji ya tambaye ni, "To Malam, me za a yi da shi?"

Na ce a yanka shi tsakiya ko abin wuya, a goge fuskarsa ta yi tudu yadda jijiyar za ta fito, amma kada a kai shi zobe. Ya ce wa yaron ya kawo ƙaramar guduma. Ya ɗora dutsen a kan ƙyalle, ya ƙwanƙwasa gefen da na karce da kwaz, wani ɓalli kamar ƙwayar dawa ya fita. Ya naɗe shi a takarda ya miƙo mini don in kai ɗakin gwaji, sauran kuma ya mayar cikin ƙullinsa, ya rubuta nauyin da muka samu a jikin ƙyallen da biro, ya bar gurbin suna ba komai.